TARIHIN BILL WILSON, MASHAYIN DA YA NEMI ƊAN'UWANSA MASHAYI

Da malaminmu na Hausa ya ce kowa ya rubuto tarihin wani shahararren mutum da ya daɗe da rasuwa don mujallar bana, sai abokaina suka yi ta rububin sarakuna da malamai da jarumawan yaƙi. Ni kuwa na zaɓi wani Ba'amurke wanda ya shekara goma sha bakwai yana shan giya har ta kusa kai shi kabari. Na san waɗansu iyaye za su ce me ya haɗa ɗan makaranta da tarihin mashayi. Ina roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin ina da dalili, dalilin kuwa a cikin danginmu yake.

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifiyata, makanike ne wanda aka san hannunsa a kan injin mota. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba, don da wannan sharaɗi ya yarda in ba da labarinsa. Ya fara shan giya a ɓoye, har abin ya fi ƙarfin ɓoyo. An yi masa faɗa, an yi nasiha, an tara dattawa a kansa. Sau uku yana rantsuwa gaban kakata cewa ya bari, sau uku yana komawa. Matarsa ta yi yaji ta tafi da yara. Daga baya ciwo ya kwantar da shi a asibiti, da za a sallame shi sai likita ya haɗa shi da waɗansu tsofaffin mashaya masu taruwa kowane mako suna taimakon juna. Da na je hutu gidansa sai na ga wani ɗan littafin Turanci ƙarƙashin matashinsa, an ambaci wani mutum a ciki wai shi Bill W. Na tambayi kawu ina sauran sunan ya tafi. Ya yi dariya, ya ce in je in bincika, ranar da na gano dalilin da ya sa aka gutsure sunan, to na fahimci abin da ke kai shi taron nan. Abin da na gano ke nan na kawo muku.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

Cikakken sunansa William Griffith Wilson. An haife shi ran 26 ga Nuwamba, 1895, a wani ƙauye da ake kira East Dorset cikin jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, ƙasar duwatsu da tsananin sanyi. Abin mamaki, ɗakin da aka haife shi yana bayan wurin sayar da giya ne na wani masaukin baƙi da danginsa ke riƙe da shi. Ubansa ma'aikacin fasa dutse ne, kuma shi ma yana sha. Bill na da kamar shekara goma iyayensa suka rabu. Uban ya tafi Kanada, uwar ta tafi Boston karatu, aka bar shi da ƙanwarsa a hannun kakanninsu na wajen uwa.

Tun yana yaro an san shi da naci. Ran nan kakansa ya gaya masa cewa akwai wani lanƙwasasshen icen farauta na mutanen Ostareliya, wanda in an jefa shi yakan kewayo ya dawo wurin mai jifa, kuma wai ba mai iya sassaƙa shi sai su. Yaron nan ya ɗauki abin da zafi. Ya yi wata shida yana sassaƙa yana jifa, har katakon gadonsa sai da ya yanke, bai huta ba sai da ya yi wanda ya kewayo. A makarantar sakandare ma ya zama shugaban ajinsu, yana gaba wajen wasanni da kiɗa. Amma a shekarar 1912 yarinyar da yake so ta rasu bayan an yi mata tiyata, baƙin ciki ya danne shi, karatunsa ya taɓarɓare.

Na kawo labarin icen nan ne don a riƙe shi. Mukan ce mashayi ragon mutum ne marar zuciya. To, ga yaro mai zuciya da naci, mu ga yadda za su ƙare da kwalba.

KOFIN FARKO

A shekarar 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, Bill ya zama ƙaramin hafsa a rundunar masu igwa. Kafin nan yana gudun giya saboda abin da ya ji ta yi wa danginsa. Aka ajiye su kusa da garin New Bedford, inda attajirai ke gayyatar hafsoshi liyafa. Shi kuwa ɗan ƙauye ne mai jin kunya, in ya shiga cikin manya sai bakinsa ya mutu. A wata liyafa aka miƙa masa kofi, ya kasa cewa a'a. Da ya sha sai ya ji kunyar ta tafi, bakinsa ya buɗe, ya ga kamar duk duniya danginsa ne. Ya ɗauka ya sami maganin abin da ke damunsa, ashe ya sami abin da zai dame shi ne.

Ran 24 ga Janairu, 1918, ya auri Lois Burnham, 'yar wani likita a Brooklyn, wani yanki na birnin Niyok. Sa'an nan aka tafi da shi Ingila da Faransa. Bayan yaƙi ya shiga karatun lauya da dare, amma har wata jarrabawar ƙarshe ya shiga a buge, bai kuwa taɓa yin aikin lauya ba. Sai ya koma kasuwar hannun jari. A 1925 shi da matarsa suka hau babur mai akwati a gefe, suka yi ta bin masana'antu gari gari, yana duba yadda suke aiki yana aika wa masu kuɗi rahoto kafin su zuba jarinsu. Dabarar ta karɓe shi, kuɗi suka shigo, shan giya kuma ya ƙaru. A lura, daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta hana sayar da giya, amma wannan bai hana Bill samun ta kullum ba.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, dukiyarsa ta tafi, bashi ya hau kansa. Suka koma zama a gidan surukansa. Lois ta kama aiki a wani babban kanti, shi kuwa yana gida yana sha, har yakan saci 'yan kuɗin da ke jakarta. Ya sha rubuta mata alkawari a cikin Littafi Mai Tsarki na gidansu cewa ya bari, ya sa hannu, kafin a jima ya karya. Abin ya kai har ya ja katifarsa ya sauko ƙasa daga bene, don tsoron kada wani dare ya faɗa ta taga. Da na zo nan a karatuna sai na tuna rantsuwar kawu gaban kakata. Da na ɗauka ƙarya yake yi mata. Yanzu na gane lokacin da yake rantsuwar har zuciyarsa yake nufi.

LIKITA DA TSOHON ABOKI

Tsakanin 1933 da 1934 sau huɗu ana kwantar da Bill a asibitin Towns na birnin Niyok, inda ake jiyyar mashaya. A can ya gamu da wani likita, William Silkworth, wanda ya yi masa bayanin da ba wanda ya taɓa yi masa. Likitan ya ce irin wannan shan cuta ce mai kai biyu. Na farko a jiki yake: da zarar kofi ɗaya ya shiga, sai jiki ya yi ta neman ƙari, mutum ya kasa tsayawa. Na biyu a tunani yake: bayan an sha wuya an warware, sai zuciya ta riƙa raya wa mutum cewa wannan karon ɗan kaɗan ba zai yi kome ba. Watau tunani ya kai shi ga kofin farko, jiki ya ƙarasa sauran. Bill ya yi murna da ya san sunan ciwonsa, amma sanin bai hana shi komawa ba. Daga ƙarshe likitan ya gaya wa Lois cewa in ba a kulle mijinta ba, to hauka ko mutuwa na nan tafe.

Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 1934, sai wani abokinsa tun na ƙuruciya, Ebby Thacher, ya kawo masa ziyara. Ebby riƙaƙƙen mashayi ne wanda alƙali ya kusa tura shi gidan mahaukata. Bill ya yi murna zai sami abokin sha, ya tura masa kofi, amma Ebby ya ƙi. Ya ce ya shiga wata jama'ar Kiristoci da ake kira Oxford Group, sun koya masa ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, ya faɗa wa wani mutum laifuffukansa ba ɓoyo, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta, ya taimaki waɗansu ba don lada ba, ya kuma roƙi Allah ƙarfi. Bill ba mai son zancen addini ba ne, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Mai maganar nan ba limami ba ne, ba kuma likita ba. Mutum ne da suka sha faɗuwa tare, ga shi zaune idonsa garau.

Ran 11 ga Disamba, 1934, Bill ya koma asibitin Towns, yana tafe yana shan kwalabensa na ƙarshe a hanya. Bayan 'yan kwanaki, da ya ga ba sauran dabara, sai ya yi kuka ga Allah, in akwai Shi, Ya cece shi. Ya ce a lokacin ya ga ɗakin ya cika da haske, ya ji an sauke masa wani nauyi. Waɗansu sun ce magungunan da ake ba shi ne suka sa ya ga haka. Da ya tambayi Silkworth ko ya haukace ne, likitan ya ce ko mene ne ya same shi ya riƙe shi da kyau, don ya fi halin da yake ciki da. Daga ranar nan bai sake shan giya ba har ya mutu, shekara 36.

WAYAR DA YA BUGA A AKRON

Da ya fito sai ya shiga farautar mashaya yana yi musu wa'azi. Ya yi wata biyar ko shida yana fama, ko mutum ɗaya bai bari ba. Ya karaya, amma Lois ta tuna masa cewa akwai mutum ɗaya da bai sha ba duk tsawon watannin nan, watau shi kansa. Silkworth kuma ya ba shi shawara ya daina wa'azi, ya riƙa fara ba su labarin wahalar da shi ya sha da bayanin cutar.

A watan Mayu na 1935 ya tafi garin Akron cikin jihar Ohio kan wata harkar kamfani, harkar kuwa ta watse. Abokan tafiyarsa suka koma, suka bar shi a otal ɗin Mayflower da 'yan daloli kaɗan a aljihu. Ranar Asabar ce. Yana kai da kawowa a zauren otal, daga wannan gefe yana jin dariyar mutane da ƙarar kofuna a wurin shan giya, daga wancan gefe ga allo mai sunayen majami'un garin da wayar tarho kusa da shi. Tsohuwar murya ta taso masa. A nan ne ya gane abin da ya zama tushen aikinsa duka, watau in yana so ya kwana bai sha ba, dole ya sami wani mashayi ya yi magana da shi. Ba mashayin ne ke bukatarsa ba, shi ne ke bukatar mashayin.

Ya juya wa wurin giya baya, ya buga wa wani limamin Kirista, Walter Tunks, wanda ya ba shi sunayen mutane kamar goma. Ya yi ta bugawa ana ba shi haƙuri, har aka haɗa shi da wata mata, Henrietta Seiberling. Ita kuwa ta san wani likitan tiyata, Robert Smith, wanda ake kira Dokta Bob, da giya ta kusa raba shi da aikinsa. A ranar ba a iya kawo shi ba don ya bugu tatil. Kashegari, 12 ga Mayu, matarsa ta jawo shi, bayan ya sa ta yi alkawari ba za su wuce minti goma sha biyar ba. Suka shiga ɗaki da Bill wajen ƙarfe biyar na yamma, ba su fito ba sai bayan sa'a shida. Dokta Bob ya fi Bill ilmin likita nesa ba kusa ba, ya kuma sha jin wa'azi. Abin da ya kama shi shi ne, karo na farko ke nan da ya zauna da wanda ya san ciwon daga ciki. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ba a nan take ya warke ba. Bayan 'yan makonni ya tafi taron likitoci ya dawo a buge, ga kuma tiyata na jiransa. Da safen ranar hannunsa na rawa, Bill ya ba shi kwalba ɗaya don hannun ya tsaya. Ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa. Da ya gama tiyatar sai ya bi gari yana neman gafarar waɗanda ya ɓata wa. Ƙungiyar ta ɗauki 10 ga Yuni, 1935, a matsayin wannan rana, kuma ranar kafuwarta. Su biyun suka je asibitin garin suka sami wani lauya da aka kwantar sau takwas cikin wata shida, suka ba shi labarinsu, ya zama na uku.

YADDA ƘUNGIYA TA TSAYA DA ƘAFARTA

A 1937 suka ƙirga suka ga mutum kamar arba'in sun bar sha. Bill, da yake ɗan kasuwa ne, sai ya fara mafarkin gina asibitoci da ɗaukar ma'aikata. Suka nemi taimakon attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami, amma ya ba da dala 5,000 kawai, don yana ganin kuɗi masu yawa za su ɓata abin. Bill ya ji haushi, daga baya ya yarda gaskiya ce. Haka kuma da mai asibitin Towns ya yi masa tayin aiki da albashi, 'yan'uwansa suka ce abin da aka samu kyauta ba a sayar da shi, ya haƙura alhali yana cikin talauci.

A watan Afrilu na 1939, suna kamar mutum ɗari, suka buga littafi mai suna Alcoholics Anonymous, watau mashayan da ba a bayyana sunansu, sunan da ƙungiyar ta ɗauka. A ciki Bill ya tsara matakai goma sha biyu. A taƙaice, mutum ya amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa al'amarinsa ga Allah, ya binciki halinsa, ya faɗa wa wani, ya biya haƙƙin waɗanda ya cuta, sa'an nan ya kai wa wani mashayi hannu. Da yake akwai masu addini iri iri da marasa addini a cikinsu, sai suka bar wa kowa ya fahimci Ubangiji bisa imaninsa, suka kuma rabu da Oxford Group. A wannan watan ne aka karɓe gidan da Bill da Lois ke ciki saboda bashi, suka yi shekara biyu suna raɓe-raɓe a gidajen mutane.

A watan Maris na 1941 wani ɗan jarida, Jack Alexander, ya rubuta labarinsu a mujallar Saturday Evening Post. Wasiƙu suka yi ta zuwa kamar ruwan sama. Kafin ƙarshen shekarar sun tashi daga mutum 2,000 zuwa 8,000, a 1950 kuwa sun kai kamar 100,000. Yawa ya kawo rigingimu kan kuɗi da shugabanci, don haka Bill ya tsara ƙa'idoji goma sha biyu, aka amince da su a babban taron Cleveland a 1950. Daga cikinsu, sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya so barin sha. Ba kuɗin rajista, ba a karɓar gudummawa daga waje, ba a shiga gardamar siyasa ko ta addini, shugabanni kuma masu hidima ne kawai. Sai kuma ɓoye suna a jarida da rediyo.

A nan na sami amsar tambayata. An gutsure sunan ne saboda dalili biyu. Na farko, don mai jin kunya ya iya zuwa ba tare da tsoron tonon asiri ba. Na biyu, don kada wani ya mai da abin hanyar neman suna, domin girman kai na cikin abin da ke mai da mutum ga kwalba. Bill mutum ne mai son a san shi, amma a 1954 da Jami'ar Yale ta so ba shi digirin girmamawa ya ƙi, ya kuma ƙi a sa hotonsa a bangon mujallar Time. A 1955, a taron St. Louis, ya miƙa ragamar ƙungiyar ga wakilan 'ya'yanta.

RANAR DA NA RAKA KAWU

Taron iri biyu ne. Akwai na mashaya zalla, akwai wanda dangi da baƙi ke iya zuwa. Kawu ya tafi da ni irin na biyun. Na zaci zan ga mutane cikin tsumma suna tangaɗi, sai na tarar da magidanta tsaf tsaf zaune a kan benci, ga butar shayi a gefe. Kowa ya faɗi sunansa na fari kaɗai. Mai magana yakan ba da labarin kansa ne, ba mai katse shi, ba mai yi masa faɗa, wanda kuma bai so magana ba sai ya yi shiru ya saurara. Aka zagaya da ɗan kwano, mai hali ya jefa abin da ya sawwaƙa. Cikin sa'a guda aka tashi. Abin da na ji a wurin ba zan faɗa ba, domin al'adarsu ce abin da aka faɗa a ɗakin a bar shi a ɗakin.

A hanya kawu ya gaya mini ranar farko ta fi kowace rana wuya, sau uku yana wuce ƙofar kafin ya shiga. Ya ce ba a sa shi rantsuwar bari har abada ba, alkawarin yini ɗaya aka ce ya riƙa yi wa kansa, gobe kuma ya sake. An kuma haɗa shi da wani wanda ya daɗe da bari, wanda zai iya bugawa waya ko da tsakar dare in abin ya taso masa.

A zamanin Bill, mai neman taro yakan duba littafin lambobin tarho ko ya aika da wasiƙa. Yanzu hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi likita ko ma'aikacin jiyya, musamman a sashen da ke kula da masu shaye-shaye, ko a duba intanet, inda har akwai tarukan da ake shiga ta waya. Inda babu taro, mutum biyu ko uku masu son bari sun isa su fara, kamar yadda aka fara a Akron. Amma a kiyaye, taron ba asibiti ba ne. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya tsaya farat ɗaya yana iya kamuwa da makyarkyata da jijjiga da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Likita ake fara gani.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Bill ba waliyyi ba ne. Baƙin cikin nan na ƙuruciya ya dawo masa ya yi fama da shi kusan shekara goma sha ɗaya, daga 1944. A 1956 ya gwada wata ƙwaya mai juya hankali da ake kira LSD a gaban likita, yana zaton za ta taimaki mashaya, abin da ya jawo masa suka daga 'yan'uwansa. Ya bar giya amma taba ta ƙi barinsa, ita ce kuwa ta cinye masa huhu. Masu tarihinsa sun ce a kwanakinsa na ƙarshe, cikin zafin ciwo, ya roƙi a ba shi giya, masu jiyya suka hana. Ya rasu a Miami ran 24 ga Janairu, 1971, yana da shekara 75, ranar da aurensa ya cika shekara 53. Bayan rasuwarsa jaridu suka buga cikakken sunansa. An binne shi a ƙauyensu, ba a kuma rubuta sunan ƙungiyar a kan kabarinsa ba.

Dokta Bob ya riga shi, a 1950. Ebby, wanda ya fara kawo masa labari, ya yi ta faɗuwa yana tashi, Bill kuwa bai taɓa yar da shi ba har ya rasu a 1966. Lois ta ga cewa iyalin mashayi ma suna da nasu ciwon, don haka a 1951 ita da wata ƙawarta suka kafa ƙungiyar Al-Anon domin dangi. Bisa ƙiyasin ƙungiyar Bill, 'ya'yanta sun kai kamar miliyan biyu a ƙasashe wajen 180. Ba kowa hanyar ke yi wa amfani ba, akwai waɗanda suka sami lafiya ta waɗansu hanyoyi. Amma a 2020 masana suka tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum fiye da 10,000, suka ga cewa wajen barin sha gaba ɗaya hanyar nan ba ta gaza sauran hanyoyin jiyya ba, wani lokaci ma takan fi su.

ABIN DA NAKE ROƘO

Kawu ya taɓa zamewa sau ɗaya bayan wata biyar. Ya ce da ya koma taron kansa a sunkuye, ba wanda ya tambaye shi dalili, matsa masa kawai aka yi a benci. Yanzu ya shekara ɗaya da 'yan watanni bai sha ba, ya koma garejinsa. Matarsa ba ta dawo ba tukuna, amma takan bar yara su zo masa ran Asabar. Ba mu san gobe ba, shi ma bai ce ya sani ba.

'Yan'uwana ɗalibai, addininmu da tarbiyyarmu sun hane mu giya, kuma kofin da ya fi sauƙin ƙi shi ne na farko. Bill don ya kori kunya ya karɓi nasa, ya biya da shekara goma sha bakwai. Iyayenmu kuma, ina roƙonku da ladabi, in Allah Ya jarrabi wani naku da wannan ciwo, kada tsoron abin da mutane za su ce ya sa ku rufe shi a ɗaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kai shi ga likita, a kuma taimake shi ya sami waɗanda suka bi hanyar suka fito, domin akwai maganar da ba zai ji daga bakin kowa ba sai daga bakinsu.

Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Ni ma, saboda alkawarin da na yi wa kawu, na roƙi edita ya bar sunana a aljihunsa.

Daga wani ɗalibi, Aji Shida